Baƙin Faifan Helju

Duk wanda ya taɓa zagaya kwandunan nan goma sha takwas na wasan jifan faifai da ke dajin bayan garin Haavaoja ya san Helju Soosaar, ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai jar hula da ke yawo da faifai ɗaya tal a cikin rigar sanyi, alhali samari na wuce ta da jakunkuna a baya, kowace da faifai ashirin, sai ka ce masu ƙaura. Su sukan yi jifa mai nisa, sannan su faɗa daji cigiya. Ita kuwa gajeren jifa take yi, ta taka ta ɗauka, ta ƙara wani. In aka gama zagaye aka ƙirga jifan kowa, nata ne yakan fi ƙaranci, kuma abin da ake nema a wasan ke nan. Samarin sun daɗe da daina yi mata dariya.

Shekara talatin da huɗu ta yi a masana'antar takalman ruwa na roba. Aikinta duba kaya kafin su fita. Takan ɗauki takalmi ta lanƙwasa tafinsa, ta murza da babban yatsa, ta ce, "Wannan bai dahu ba, a mayar." Injiniyoyi su kai ɗakin gwaji, su yini suna awo, su dawo da amsar da ta ba su tun da safe. Har yau tsofaffin ma'aikatan wurin in sun haɗu a jana'iza sai sun yi zancen yatsun Helju. Da aka rufe masana'antar, mijinta kuma ya rasu, sai ta tattara ta koma gidan ubanta na katako a bakin daji, ta kama noman dankali da kiwon kaji shida.

Ana nan sai hukumar gari ta zo ta kakkafa kwanduna masu sarƙoƙi a dajin. Tun daga ranar fayafai suka fara faɗowa cikin lambunta, ja da kore da ruwan ɗorawa, duk na filastik masu tauri da santsi. Ta tsane su. Takan tsince su ta wurga bayan shinge, ta raka su da abin da ba a maimaitawa. Wata rana wani baƙi ya faɗo tsakanin kunyoyin dankali, bai mirgina ba, bai yi tsalle ba, inda ya sauka nan ya zauna. Ta ɗaga za ta wurgar, sai hannunta ya tsaya. Ta lanƙwasa shi, ya dawo a hankali. Ta shinshina.

"Kai," ta ce wa kajinta, "wannan roba ce ta gaske."

Ta kira lambar da aka rubuta a bayansa, yadda aka saba. Mai shi ta ce ta riƙe, ya cika laushi, ba ya nisa. Lokacin Helju tana da shekara sittin. Da yammacin nan ta fita bakin kwando na farko ta gwada, don kawai ta ga abin da ke haukata mutane.

Ba faifan nisa ba ne, gaskiyar mai shi. Irin na saka wa kwando ne daga kusa: bakinsa dakusasshe, gefensa mai zurfi, tafiyarsa a hankali. Amma roba tana da halin da filastik ba shi da shi. In sanyi ya yi sanyi, filastik yakan sandare ya yi santsi, ya suɓuce daga yatsu, in ya daki sarƙa ya yi tsalle ya fito. Na roba yakan kama fata ko da hannu a jiƙe yake. In ya shiga sarƙoƙi sai ya ɗan naɗe jikinsa, ya rungume su, ya zame cikin kwando. In ya faɗi ƙasa kuwa, ɗab, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Shekara goma sha biyu Helju tana jifa da shi, itatuwa sun goge masa baki, babban yatsanta ya yi masa ɗan gurbi a sama. Sabon faifai in ƙarfinsa ya ƙare yakan karkata hagu ya faɗi. Nata ya daɗe da barin wannan hali. Miƙewa yake yi sambal, ya tsaya a iska kamar mai tunani, sannan ya sauka a kan cikinsa. Na sha tsayawa ina kallon wannan tafiya, kuma har gobe ban daina jin tsigar jikina na tashi ba.

Da hunturu kowa yakan liƙa wa faifansa dogon jan ƙyalle don ya gan shi in ya nutse cikin dusar ƙanƙara. Helju ba ta liƙawa.

"Ni na aike shi," in ji ta, "me zai sa in yi cigiyarsa?"

Shekara uku da suka wuce idonta ya fara lalacewa. Likita ya ce tsakiyar ganin ce ke mutuwa, gefe-gefe ne zai rage. In ta dubi fuskarka ba ta ganinta, sai dai kafaɗunka. Ba ta gaya wa kowa ba sai da ta gaishe da randar shara a bakin kanti, gari ya ɗauka. Magana ta kai birnin Tartu, kunnen 'yarta Kairit, wadda ke koyarwa a can. Kairit ta share ɗaki guda a gidanta, hawa na biyar, ta sa labule da kujera a bakin taga. Wata Asabar ta watan Janairu ta iso da mota, da niyyar ba za ta koma ita kaɗai ba.

"Mama, ba shawara na zo yi ba," ta ce, tun kafin ta cire takalmi. "Ga murhu, ga gatari, ga rijiya da santsi. Wata rana waya za a yi mini."

"Kowa ma waya za a yi wa 'yarsa wata rana. Zauna ki ci burodi."

"Kin ga irinta ko? Kullum sai ki mai da magana wasa."

Helju ta yanka baƙin burodi, ta ɗora kifi mai gishiri, ta tura mata. Ta san taurin kan yarinyar nan, don ita ta ba ta. Kuma ta san hawa na biyar: taga, kujera, ƙarar motoci, sai jiran ranar tafiya. Abin ya tsorata ta fiye da makanta.

"To ji nan," ta ce. "Gobe Lahadi, muna da zagaye ni da abokin wasana Kalju. Ki biyo mu. Kwando goma sha takwas. In har sai da kika riƙe mini hannu ko sau ɗaya, ko kika nuna mini inda faifaina yake, in mun dawo ki zuba kayana a mota. In kuwa na gama da ƙafata, ki koma ki bar ni."

Kairit ta yarda, don tana ganin ta riga ta ci.

Da la'asar Helju ta fita ba kaji abinci. Kairit, wadda ba ta iya zama hannu sake, ta kama share-share. Ta ga baƙin faifan a kan tebur, duk datti da ƙaron itace. Ta wanke shi tas da ruwan zafi da sabulu, sannan ta jingina shi da bangon murhu don ya bushe, inda ake shanya safa. Da ya bushe ta mai da shi wurinsa, tana jin ta yi abin kirki. Garin neman ƙiba ke nan aka samo rama.

Gari ya waye da sanyi mai fasa itace, digiri sha biyar ƙasa da sifili, sama tas babu iska. Kalju yana jiransu a kwando na farko da jakarsa da filas biyu. Tsohon direban bas ne, ƙato, kuma a garin da mutum kan yini da kalma biyar, shi yakan cinye rabon unguwa guda kafin hantsi.

"A'a, yau har da alƙali aka zo?" ya ce da ya ga Kairit. "Malama, ki rubuta da kyau. Tsohuwar nan shekara goma tana cutata, ban san ta inda take bi ba."

"Ta inda ba ka bi nake bi," in ji Helju. "Tsakiyar hanya. Jefa mu gani, mai baki."

Ya jefa, faifansa ya daki itace na farko ya dawo kusan ƙafarsa. Ya ce itacen ne ya matso.

Helju ta zaro nata daga cikin riga, inda take ajiye shi a jikin cikinta don kada ya huce. Ta cire safar hannu da haƙori, ta gyara tsayuwa, ta saki. Faifan ya tashi yana ɗan rawa, ya karkata dama. Ba sosai ba. Ta ce iska ce, ko da yake ko gashin hularta bai motsa ba. A kwando na biyu ya ƙara karkata, ya faɗa ƙarƙashin wani ƙaramin itace mai duhu. Helju ta tafi inda ta aike shi, ba ta same shi ba. Ta tsaya. Kairit tana ganin gefensa baƙi ƙirin cikin farar ƙanƙara, taku huɗu daga uwarta, kalma ɗaya kawai za ta faɗa a gama komai. Ta tsaya tana kallon tsohuwa na share ƙanƙara da ƙafa, zagaye bayan zagaye, har takalminta ya taɓa shi.

A kwando na uku Helju ba ta yi jifa ba. Ta juya faifan a hannu, ta sake juyawa. Sannan ta ɗaga shi ta ɗora gefensa a leɓenta na ƙasa, tana juya shi a hankali har ya zagayo.

"Tabɗi," in ji Kalju. "Shekara goma ina bin ki, ashe faifai ne ya yi sa'a."

Ba ta kula shi ba. "Wa ya taɓa mini kaya?"

Kairit ta matso kusa. "Wanke shi kawai na yi, Mama. Na jingina shi jikin murhu ya bushe."

"Jikin murhu. A tsaye."

"Ban sani ba, wallahi."

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani ai da kin fi haka wayo." Ta juya. "Kalju, me ke cikin filas ɗinka?"

"Ɗaya shayi, ɗaya ruwan zafi."

"Kawo duka."

"Haba! Har shayin? Ke kin san dokar wasa ta hana gyaran faifai ana cikin zagaye?"

"Kai ƙara. Ga alƙali nan tsaye."

Akwai benci mai faɗi a wurin. Ta share ƙanƙarar kansa da gwiwar hannu, ta kifa faifan, ta tsiyaya ruwan zafi a cikinsa har ya cika, tururi ya tashi ya rufe mata fuska. Tana ƙirga da leɓe. Ta zubar, ta ƙara da shayin, Kalju yana salati irin nasa. Da robar ta yi laushi yadda take so, sai ta juya shi, ta dafa da tafin hannu biyu, ta bi gefen tana dannawa kaɗan-kaɗan, tana sassautawa a wani wuri, tana ƙara nauyi a wani. Fuskarta tana kallon sama, ba ta ko duban abin da take yi. Kairit ba ta taɓa ganin uwarta a bakin aiki ba. Tun tana yarinya abin da ta sani shi ne mace mai dawowa gida tana warin roba, mai barci a kan kujera. Yau ga ta tana ganin abin da matar nan ke yi a waɗancan shekarun, sai kunya da alfahari suka kama ta lokaci guda.

Helju ta ɗebo ƙanƙara ta binne faifan a kan bencin, ta zauna a kai na ɗan lokaci, ta tashi ta tono shi. Ta sake bi da shi a leɓe. Ta mai da shi cikin riga ya ɗan ji jiki, sannan ta jefa. Ya tafi sambal tsakanin itatuwa biyu da ba su fi faɗin ƙofa ba, ya sauka a gindin kwando.

Kalju ya cire hula, a cikin wannan sanyi, ya mayar.

Daga nan kuwa sai abin da ido ya gani. Tana tafe ba sanda, ƙafarta ta san kowace saiwa. In ta yi jifa takan karkata kai ta ji inda ya faɗi, ta miƙe can kai tsaye. In an zo kusa da kwando, Kalju yakan riga kowa isa, ya girgiza sarƙoƙi yana mita wai ƙanƙara ta liƙe su, hukuma ba ta aikinta. Helju ta ɗan juya kunne, ta durƙusa kaɗan, ta tura faifan daga ciki zuwa gaba. Taku bakwai, taku goma, sau ɗaya har sha biyu. Cas! Sarƙa ta amsa, faifai ya kwanta. Wasu samari uku da ke bayansu suka daina nasu wasan, suka biyo su daga nesa suna kallo.

Kairit malamar makaranta ce, ta san satar amsa in ta gan ta. Tun a kwando na tara ta lura cewa babu wata ƙanƙara a sarƙoƙin nan. Ta yi ta juya abin a ranta, har suka iso na ƙarshe.

Kwando na goma sha takwas yana kan gangare ne. Taku biyu a bayansa ƙasa ta sulale zuwa kogi, kuma ranar gangaren ya daskare ya zama gilashi. Kalju ya yi jifansa, faifan ya goga bakin kwando, ya faɗi a kan gefensa, ya mirgina, ya yi ta tafiya har tsakiyar kogi inda ƙanƙara ba ta ɗaukar mutum.

"Sai mun haɗu da bazara!" ya ɗaga masa hannu. Sannan ya nufi kwando don ya yi abin da ya saba.

"Kawu Kalju, dawo," in ji Kairit. "Kada ka taɓa sarƙar nan."

"Ƙanƙara ce zan..."

"Babu wata ƙanƙara. Kai za ka bi ta rijiya kana kaɗa mata sarƙa? Kai za ka tsaya mata a bakin murhu?"

Kalju ya dubi Helju. Helju ta ce, "Gaskiyarta. Koma gefe, ka kuma rufe bakin nan, in zai rufu."

Tsakaninta da kwando taku tara ne, nisan da ta saka sau dubu. Ta san in ta tura da ƙarfi ta dace, za a yi shekara ana ba da labari. In ta kuskure da faɗin tafin hannu, faifan zai wuce ya sauka can ƙasa a kan gilashin, inda ba za ta iya sauka ba sai an riƙe ta. Ta daɗe a tsaye. Ta ja ƙafar dama ta laluba ƙasa, ta sami saiwar da take nema, ta daidaita kafaɗa da ita.

Ta saki, ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mai miƙa wa jariri abu. Faifan bai nufi sarƙa ba sam. Ya tafi a kwance, ya sauka a kan wannan santsin da ko kare ba ya iya tsayawa a kai, ya ce ɗab, ya zauna. Tsakaninsa da sandar kwando bai kai kamu ɗaya ba. Helju ta taka tana ƙirga, ta miƙa hannu ta kama ƙarfen, ta sunkuya ta ɗauka, ta ajiye shi a ciki.

"Ke!" Kalju ya fashe. "Da kin tura ai da ya shiga! Na rantse da ya shiga!"

"Wataƙila. Amma ban ga kwandon ba. Abin da ban gani ba, ba na caca da shi."

Kairit ta juya baya tana share fuska da safar hannu. Ba jifan ne ya karya ta ba. Ta zo ne da tsoron tsohuwa mai taurin kai wadda za ta kashe kanta don kada a ce ta kasa, sai ga shi ta ga mace da ta san daidai inda iyakarta take.

"Shi ke nan, Mama," ta ce. "Kin ci. Zan koma ni kaɗai."

Kalju ya tafi neman doguwar sanda ko zai ceto faifansa, samarin suka bi shi suna ba shi shawarar banza. Uwa da 'ya suka kama hanyar gida ta cikin itatuwa. Sun kusa shingen lambu sai Helju ta tsaya, ta cire safar hannun dama, ta miƙa hannun.

"Mintsini nan. Kan yatsan."

Kairit ta mintsina.

"Da ƙarfi mana, ba ƙwai ba ne."

"Ai da ƙarfi na yi, Mama."

"To ban ji ba. Wannan ma haka, da na kusa da shi. Tun kaka suka fara." Helju ta bar hannun a miƙe. "Faifan nan a karkace na ɗauke shi da safe, na sa a riga, na yi kwando biyu da shi, ban sani ba. Ni, Helju. Sai da leɓe na gane. Ido ya tafi ban damu ba, ai ba da shi nake aiki ba. Amma wannan..."

Kairit ta riƙe hannun da hannayenta biyu. Sanyi ƙalau, fatar ta yi kaushi, yatsun sun ɗan lanƙwashe.

"Me ya sa kika gaya mini? Ai kin riga kin ci."

"Don na ci ɗin ne. Ba na son a ɗauke ni kamar buhun dankali, da ƙafata zan tafi. Ki bar ɗakin nan yadda kika gyara shi. Ki ba ni zuwa ranar da ƙanƙarar kogi za ta fashe, in ji ta da kunnena. Washegari ki zo da motar."

Kairit ta ci gaba da murza yatsun, tana hura musu iskar bakinta.

"Bari haka nan," in ji Helju a hankali. "Ina ganin kina yi, amma ba na ji."